Kamfanonin Waya Sun Haɗa Kai: Ko Sabis Zai Iso Ƙauyenmu?

Tun tsakiyar shekarar 2025 ake ta jin labari a rediyo cewa kamfanin MTN da na 9mobile sun shirya, har mai layin 9mobile yana iya kira ta kan ƙarfen sabis na MTN. Kafin wannan, cikin watan Maris na wannan shekara ta 2025, MTN da Airtel su ma sun sa hannu a kan yarjejeniyar yin tarayya a kayan aiki. Labarin ya jawo tambayoyi da yawa a tarurrukan ƙungiyoyinmu na manoma, daga Danko da Maga har Ribah da Wasagu da Bena. Waɗansu sun ɗauka daga yanzu kowane layi zai kama a ko'ina. Waɗansu suna so su jefar da layi ɗaya su huta da ɗawainiyar biyu. Akwai kuma ƙungiyoyin da ke shirin taɓa kuɗin asusu su sayi babbar waya ko na'urar POS, bisa zaton wahalar sabis ta ƙare.

To, 'yan'uwa, kafin a buɗe asusu bari mu bi maganar a hankali. Waya a wurinmu ba kayan ado ba ce. Da ita muke tambayar farashin dawa a kasuwar Bena kafin mu ɗora buhu a mota. Da ita ake turo mana kuɗin amfanin gona, da ita muke kiran malamin dabbobi in saniya ta kwanta. A wannan zamani kuma, kowa ya sani, da ita ƙauye ke faɗakar da ƙauye in an ga baƙin fuska a daji. Wanda ya dogara ga layin da ba ya kamawa a irin wannan rana, ba ƙaramar hasara zai yi ba.

Kafin waya ta yi magana sai abu uku sun cika. Sai akwai ƙarfen sabis kusa, kuma yana da wuta. Sai layin da ke cikin wayar yana da izinin hawa wannan ƙarfe. Sa'an nan sai ita kanta wayar tana iya jin zangon da ƙarfen ke magana a kai. Yawancin abin da kamfanoni suka yi a 2025 ya shafi na biyun ne, watau izini. Bai kafa sabon ƙarfe a inda babu ba, bai kuma sāke wayar da ke aljihunka ba.

Mene ne zango?

Wanda ya taɓa riƙe rediyo ya riga ya san rabin amsar. Iyayenmu sun saba kama Rediyon Kaduna a mita 49, gajeren zango. Da tashoshin FM suka zo, sai aka tarar tsohuwar rediyo ba ta kama su, kome kyawunta, kome sabuntar batir. Ba lalacewa ta yi ba. Tun a masana'anta ba a sa mata kunnen jin wannan zango ba.

Wayar hannu ita ma rediyo ce, sai dai tana ji tana kuma mayar da magana. Gwamnati, ta hannun Hukumar Sadarwa ta Ƙasa wadda ake kira NCC, ita ke yanka wa kowane kamfani nasa rabo na zango, kamar yadda ake yanka fadama, ya biya kuɗi masu yawa ya riƙe na waɗansu shekaru. Ana auna zango da megahaz. Sa'ad da aka fara wayar GSM a Nijeriya cikin watan Agusta na 2001, kira da saƙo suna tafiya ne a kan zangon 900 da na 1800. Wannan shi ne 2G, har yanzu kuwa shi ne ke ɗauke da yawancin ƙauyukanmu. Kusan duk wayar da aka yi domin kasuwar Afirka tana jin waɗannan biyu, har da ƙaramar mai madanni da tocila. Shi ya sa ba a cika samun matsala wajen kira ba. Bayansa 3G ya zo, galibi a kan 2100.

Rikicin ya soma ne da 4G, wanda manyan kamfanoni suka fara buɗewa daga 2016. A nan kowa ya kama gabansa. Glo ya fara nasa a kan 700. Etisalat na lokacin, da Airtel wanda ya biyo baya a 2018, sun fara a kan 1800. MTN kuwa ya sayi 2600 a gwanjon gwamnati na 2016, yana kuma aiki da 800 da 1800. A jikin kwalin waya, ko a takardar da ke ciki, ba kullum ake rubuta waɗannan lambobi ba. Sau da yawa harafin B za ka gani da lamba a gabansa. B3 shi ne 1800, B7 shi ne 2600, B20 shi ne 800, B28 kuma 700. B1 na nufin 2100, B8 na nufin 900. Ya kamata sakataren kowace ƙungiya ya kwafe waɗannan a bayan littafin taro, don ranar sayen waya.

Ba dukan zangunan ne darajarsu ɗaya a wurin mutumin ƙauye ba. Ƙaramar lamba tana nisa, babbar lamba tana ɗaukar kaya. Zangon 700 da 800 da 900 suna tafiya mai tsawo, suna ratsa bangon ƙasa, suna ɗan lanƙwasawa su bi gefen tudu. Zangon 2600 yana ɗaukar hoto da bidiyo da sauri, amma ba ya nisa, bango ɗaya ko biyu sun isa su raunana shi. Don haka kamfani kan sa manyan lambobi a cikin gari inda mutane suka cunkushe, ya sa ƙananan a karkara inda ƙarfe ɗaya zai ciyar da ƙauyuka da yawa. Ke nan wayar da ke gudu kamar doki a Birnin Kebbi ko Kontagora tana iya zama jaki a Danko, in ba ta da B20 ko B28. Za ta yi kira, amma harafin da ke samanta zai sauka daga 4G ya koma H ko E, saƙon banki ya yi ta juyi ba ya tafiya. Maganar 5G, wadda MTN ya buɗe a 2022 a kan 3500, ta manyan birane ce tukuna. Ba mu ga dalilin da zai sa ƙungiyar manoma ta ƙara kuɗi dominta ba.

Duwatsu, ganye da man janareto

Ƙasar Zuru ƙasar tuddai ce da duwatsu, wannan kuwa yana da nasa hukunci. Sabis ya fi son ido da ido. In ka tsaya inda za ka hango ƙarfe, ko da nisa, sau da yawa za ka kama. In dutse ya shiga tsakani, ko ƙarfen na kusa, sai ka rasa. A ƙa'idar 2G ta asali iyakar nisan waya da ƙarfe kilomita 35 ne, wajen mil 22, amma a fili shimfiɗaɗɗe ke nan. A ƙasa irin tamu kaɗan daga wannan ake samu. Shi ya sa kowane ƙauye ke da nasa wurin kira da kowa ya sani, kan wani tudu, ko gindin wata ɗorawa, ko bayan makarantar firamare. Ba camfi ba ne. Wurin ne ke kallon ƙarfe.

Damina ma tana da hannu a ciki. Ɗanyen ganye yana shan sabis. Wurin da ke kamawa sarai cikin watan Maris, sa'ad da daji ya bushe, yana iya ƙi cikin Agusta da itatuwa suka rufe, dawa ta fi mutum tsawo. Rufin kwano shi ma yana tarewa, don haka a fita waje in kira ya yi muhimmanci.

A tuna kuma magana biyu ce, zuwa da dawowa. Ƙarfe yana da babbar murya, waya kuwa muryarta ba ta wuce wat biyu ba. Tana iya jin ƙarfe, ƙananan zanen nan masu kama da tsani su fito a samanta, amma ƙarfen bai ji ta ba. A irin wannan wuri waya kan yi ta ƙoƙari da dukan ƙarfinta, shi ya sa batir ke saurin ƙarewa a gona fiye da cikin gari. In ka shiga kwarin da ka san babu sabis, ka kashe ta, ka adana cajin don lokacin da za ka hau tudu.

Sauran abin da ke ɗauke sabis ba ya hannunmu. Yawancin ƙarafan karkara da janareto da batir da sola suke aiki. In man ya ƙare kuma hanya ba ta biyuwa saboda rashin tsaro, ko ɓarayi sun kwashe batir, ƙarfe yana tsaye amma bebe ne. Ranar kasuwa kuma tsanin kan cika amma kira ya ƙi shiga, domin ƙarfe yana da iyakar mutanen da zai ɗauka a lokaci ɗaya.

Haɗuwa iri-iri ce

Da yawa cikinmu sun riga sun ga haɗuwar kamfanoni ba su sani ba. Wanda ya sayi layin Econet a 2001 ya ga sunan ya koma Vmobile a 2004, Celtel a 2006, Zain a 2008, sa'an nan Airtel a 2010. Lambarsa ba ta sāke ba, wayarsa ba ta daina aiki ba, domin masu kamfani ne suka sāke, ƙarafa da zango suna nan yadda suke. Haka Etisalat, wanda ya fara aiki a 2008, ya zama 9mobile a 2017, ya kuma zama T2 cikin watan Agusta na 2025. Sākin suna kaɗai ba ya ƙara sabis, ba ya rage shi.

Wani iri kuma shi ne babba ya haɗiye ƙarami. A farkon 2016 MTN ya saye Visafone, kamfanin da Jim Ovia ya kafa, mai mutane wajen miliyan biyu. 'Yan'uwanmu da suka yi aiki a Kaduna ko Abuja ko Legas a lokacin za su tuna da shi. Abin da MTN ke so a cinikin shi ne zangon 800 da Visafone ke riƙe da shi, wanda ya dace da 4G mai nisa. Sauran kamfanoni sun yi ƙorafi, aka daɗe ana muhawara a gaban NCC. Amma abin lura a wurinmu shi ne abin da ya sami masu wayoyin. Visafone yana aiki ne da wata fasaha dabam da ake kira CDMA, wadda ba ta jituwa da GSM. Da aka kwashe mutanensa zuwa MTN sun tsira da lambobinsu, shi ya sa har yau lambar da ta fara da 0704 ta MTN ce, amma wayar CDMA zalla ta zama abin wasan yara. Lamba ta ƙetare, waya ba ta ƙetare ba.

Abin da ya faru a 2025 iri na uku ne, kuma ba haɗuwa ba ce ta zama kamfani ɗaya. Baƙunci ne. A Turance ana ce masa romin. 9mobile, wanda ya taɓa samun mutane fiye da miliyan 20, ya yi ta raguwa har ya sauko wajen miliyan 3, domin sabis ɗinsa ya yi rauni a wurare da yawa. Bayan wani ɗan gwaji da aka yi a Jihar Ondo a 2020, NCC ta amince da yarjejeniyar shekara uku: inda 9mobile ba shi da sabis, layinsa zai sauka a ƙarfen MTN kamar baƙo. MTN kuma ya karɓi hayar wani sashe na zangon 900 da 1800 na kamfanin. Mai layin da ya fara da 0809, 0817, 0818, 0908 ko 0909 yana nan a kamfaninsa, katinsa yake sawa, farashinsa yake biya, can kuma zai kai ƙara. Ƙarfen ne kawai na aro.

Wannan abu ne mai kyau, ba mu raina shi ba. Wanda ya jefa tsohon layinsa a cikin akwati don ba ya kamawa a gida, ya kamata ya fito da shi ya gwada, in dai ba a rufe shi ba. Amma a lura da abu biyu. Na fari, baƙo ba ya fin mai gida. Inda MTN ba ya kamawa, layin T2 mai baƙunci ba zai kama ba. Baƙuncin kuma bai shafi layin Glo ko na Airtel ba.

Na biyu ya fi muhimmanci, shi ne kuma abin da muka ga mutane ba su lura da shi ba. Dalilin riƙe layi biyu shi ne in ɗaya ya ɗauke, ɗaya ya tsaya. To, in layinka biyu MTN ne da T2, kuma na T2 baƙo ne a ƙarfen MTN a ƙauyenku, ashe igiya ɗaya kake riƙe da ita da hannu biyu. Ranar da janareton wannan ƙarfe ya mutu, duka biyun za su mutu tare. Har ma tsakanin sauran kamfanoni akwai irin wannan. Tun wajen 2014 manyan kamfanoni suka sayar da dubban ƙarafansu ga kamfanonin haya irin su IHS da American Tower. Yau ƙarfe ɗaya kan ɗauki eriyar kamfani biyu ko uku, duka a kan wuta ɗaya. Yarjejeniyar MTN da Airtel ta Maris 2025 ita ma a wannan hanya ta nufa, ta rage musu kashe kuɗi wajen kafa abu biyu a wuri ɗaya. Amfaninta shi ne kamfani zai fi saurin shiga ƙauyen da da can bai ga riba ba. Illarta kuwa, rijiya ɗaya ce unguwa biyu ke ɗiba. In ta ƙafe, kowa ya rasa, in an yi yawa a bakinta, kowa ya jira.

Hattara da wayar gwanjo

Waɗannan tsofaffin wayoyi da ake shigowa da su daga ƙasashen waje suna da kyaun gani, suna kuma da sauƙin kuɗi, amma a nan ne maganar zango ta fi cizo. Amurka ba ta bin zangunanmu. 2G ɗinta a kan 850 da 1900 aka gina shi. Har 700 ɗinta ma ba irin namu ba ne: nasu B12 ne da B13 da B17, namu B28. Mai shago zai nuna maka 700 a rubuce, bai yi ƙarya ba, amma wayar ba za ta ji 700 na Glo ba. A can ma an yi irin ta Visafone: T-Mobile ya haɗiye Sprint a 2020, a 2022 aka kashe tsohon sabis na Sprint, wayoyi masu yawa suka rasa aiki. Irin waɗannan ba sa ɓacewa, kasuwar gwanjo suke gangarowa. Waɗansu kuma a kulle suke, ba sa karɓar layin kowa sai na kamfanin da ya sayar da su tun farko. Haka wayar da aka yi don cikin ƙasar Sin kaɗai, sau da yawa ba ta da B20.

Manyan wayoyi na kwanan nan sukan ji zanguna da yawa, ba duka ne ke da wannan aibi ba. Amma a ganinmu, ga ƙungiyar da kuɗinta na gumi ne, sabuwar waya matsakaiciya da aka yi don kasuwar Nijeriya, irin su Tecno, Itel, Infinix, Nokia ko Samsung, ta fi tsohuwar mai babban suna da ba a san asalinta ba. Ko ita ma a duba kwalinta, domin masu araha ƙwarai wani lokaci akan rage musu zango. A nemi B3 da B20 da B28. In akwai B7, ƙari ne don ranar shiga birni. A danna *#06# a ga lambar da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali, a kuma karɓi rasit.

Wannan ƙa'ida ta shafi na'urar POS da ƙaramin akwatin intanet da ake sa wa layi. Su ma wayoyi ne a ciki. Akwatin da kamfani ya sayar da sunansa a jiki yakan zo a kulle, ba ya karɓar layin wani.

Gwajin da ƙungiya za ta yi da kanta

Gani ya kori ji. Ba talla a rediyo ba ce za ta gaya mana abin da ke kamawa a ƙauyenmu, ƙafarmu ce. Ga shawararmu. A zaɓi mutum biyu ko uku, a ari layin kowane kamfani daga 'yan ƙungiya, a sa su ɗaya bayan ɗaya cikin waya guda mai kyau. Lalle waya guda, domin in kowa ya gwada da tasa ba za a san ko laifin layi ne ko na waya ba. A zaga wuraren da suka shafe mu: rumbun ƙungiya, gidan ma'aji, bakin kasuwa, asibitin sha-ka-tafi, manyan gonaki, da hanyar da mata ke bi zuwa rafi. A kowane wuri a yi kira na gaske har a ji muryar mutum, a danna lambar banki a ga ta amsa, a rubuta harafin da ya fito a sama, ko E, ko H, ko 4G. A maimaita da dare, a maimaita ranar kasuwa, a sāke yi cikin tsakiyar damina. Shafi ɗaya na littafin taro ya isa.

Akwai dabarar da ke nuna dukan kamfanonin da wayar ke ji a wuri, ko ba ka da layinsu. A shiga wurin saitin waya, sashen da aka rubuta "Mobile networks" ko "Network operators", a sa ta bincika da hannu. Za ta jera sunaye. Wata wayar lamba take nunawa maimakon suna: 62130 MTN ne, 62120 Airtel, 62150 Glo, 62160 kuma T2. In an gama a mayar da ita kan "Automatic". Wannan wajibi ne ga mai layin T2, domin in an kafe wayar a kan kamfani ɗaya ba za ta tafi baƙunci ba. In kuma kira na shiga amma intanet ya ƙi, a duba ko "Data roaming" a kunne yake. Ganin harafin R a saman waya a cikin Nijeriya ba abin tsoro ba ne.

Masu waya mai layi biyu su sani, a waɗansu masu araha gurbi ɗaya ne ke ɗaukar 4G a lokaci guda. Layin da ake aikin banki da shi a ba shi wannan gurbi. Inda kuma 4G ke zuwa yana ɗaukewa, gara a saita wayar ta tsaya a 2G ko 3G. Kira da lambar banki mai tauraro ba sa bukatar 4G, batir kuma zai fi daɗewa.

In gwaji ya nuna wani kamfani ya fi a ƙauyenku, ba sai an yar da lamba ba. Tun watan Afrilu na 2013 NCC ta ba da damar ƙaura da lamba daga kamfani zuwa kamfani. Ana zuwa ofishin sabon kamfanin da katin shaida, a cika takarda, a tura kalmar PORT zuwa 3232. Muna roƙo kada ma'aji ko sakatare ya jefar da layin da aka buɗe asusun banki da shi. Layin da aka bari watanni ba a taɓa shi ba, kamfani na iya rufe shi, daga baya ya sayar wa wani, saƙon kuɗin ƙungiya ya riƙa zuwa hannun wanda ba ku sani ba. A tabbata kuma an haɗa layin da lambar NIN, domin ba ƙarfen da zai karɓi layin da aka toshe, na gida ko na aro.

Wani zai kawo muku na'urar ƙara ƙarfin sabis daga kasuwa, mai eriya a kan gora. NCC ta hana sayarwa da kafa irin waɗannan ba da izini ba, domin suna dagula sabis na maƙwabta. Kada ƙungiya ta sa kuɗinta a ciki.

Masu fatauci zuwa iyaka

Baƙuncin cikin gida dabam yake da na ƙetare. 'Yan'uwa masu kai hatsi ko sayen dabbobi wajen Kamba da Dole Kaina, ko masu ƙetarawa Gaya, su lura: a bakin iyaka waya kan kama ƙarfen Nijar ko na Benin da kanta, ko mutum bai taka ƙasarsu ba. Lambar Nijar tana farawa da 614, ta Benin da 616. In haka ta faru farashin ƙetare ne zai hau kanka, wanda ya fi na gida tsada, wani lokaci har amsa kira ana cajinsa. A can ne ya dace a kafe waya da hannu a kan kamfanin gida, a kashe "Data roaming", sai an dawo a mayar.

Inda babu ƙarfe sam

Akwai ƙauyukanmu, musamman na cikin daji wajen iyakar Zamfara da Neja, da gwaji zai nuna ba kowa. Nan ba yarjejeniyar da za ta taimaka sai an kafa ƙarfe. Mun kuma ga a watan Satumba na 2021, sa'ad da gwamnati ta sa aka kashe sabis a dukan Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, cewa in an kashe ƙarafa duka, yawan layi ba ya fid da kowa. Saboda haka kowane ƙauye ya riƙe tsohuwar hanyarsa ta aika saƙo, ta mai babur da ta ƙaho, kada a bar ta ta mutu don waya ta zo.

Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa wani asusu da ake kira USPF a ƙarƙashin NCC, aikinsa tallafa wa kafa ƙarafa a wuraren da kamfanoni ba su ga riba ba. Ƙungiya ɗaya ba ta da murya, amma in ƙungiyoyin gunduma suka haɗu suka rubuta takarda ɗaya, da sa hannun hakimi, aka bi da ita ta ofishin ƙaramar hukuma a Ribah da ta hannun ɗan majalisa, ta fi a yi ta gunaguni a gindin bishiya. A sa sunayen ƙauyuka, da kimanin yawan gidaje, da ranar kasuwa, da makaranta da asibitin da ke wurin, a haɗa da kwafin shafin gwajin nan. In ƙarfe yana nan amma ya yi kwanaki a mace, a fara kiran kamfani a lamba 300, a karɓi lambar ƙara a rubuta. In ba a gyara ba, a kira NCC a 622, kyauta ne, a ba su wannan lambar ƙarar da ranar da sabis ya ɗauke.